Rabon Baba Cindo

A Garwa, bayan kasuwar Yelwa,
inda inuwar darbejiya ke ƙarewa a bakin kwata,
nan shagonmu yake: kwano shida, ƙyaure ɗaya,
da kayan aikin da kowannensu ya taɓa mutuwa.

Ka ga gudumar nan? Ƙotarta ta huɗu ke nan.
Wadda ta zo da ita daga Duwala wata biyu ta yi.
Ta yanzu reshen aduwa ce,
Baba Cindo ya fere ta da gizago,
ya tsaga kanta, ya cusa guntun ƙarfe,
ya bar ta cikin baƙin mai kwana uku.
Ya ce kada in jiƙa ƙota da ruwa,
ruwa maƙaryaci ne: da hantsi ya kumbura ice,
da la'asar ya bar ka da kai yana rawa.

Kurfin da muke fafe gurbi da shi
ƙarƙashin babbar mota ya yi ƙuruciya,
ya sha ramukan hanyar Marwa har ya karye a Figil.
Jatau maƙeri ya ba shi wuta, ya ba shi baki,
yanzu maɗaci yake ci, ba ya tari.

Ba mu da matsi irin na kanti.
Robar tayar babur muke yankawa siri-siri,
mu naɗe ƙafar kujera kamar ɗorin karaya,
mu bar gam ya yi tunaninsa har asuba.
In takardar guga ta ƙare, akwai fasasshiyar kwalba.

Sai rabo.
Haka muke kiran abin share fuskar katako,
sunan da Faransi ya yar, muka tsinta.
Nasa na kirya ne, ya tsage a haƙarƙari,
ya ɗaure shi da wayar birki,
ya tokare bakin da ƙahon sa.
In ya tura shi, ɓawon ice na fita
a nannaɗe kamar taliyar Hajja Dudu.

Ni kuwa kunyarsa nake ji.
Damina biyu ina tara sefa cikin gwangwani,
na sayo na ƙarfe, shuɗi, yana ƙyalli.
Na ɗora shi kan ƙyauren Hamajoda,
ya dinga tsalle yana cizo
kamar akuya ta samu zanen shanya.

Baba bai yi dariya ba. Da ma ya yi.
Lokacin yana ta fara rufe masa ido.
Ya shafa cikin abin da babban yatsa,
ya aike ni Binuwai in ɗebo yashi mai laushi,
ya zuba kan gilashin tagar mota, ya yayyafa ruwa,
yini biyu yana goga, yana sauraren rediyo.
Ya yanki murfin gwangwanin tumatir
ya sa a ƙarƙashin bakin.
Ya miƙo mini. Tura.
Na tura, katakon ya yi shiru.
Ya ce sabo ma gyara yake jira,
shi ne dai bai sani ba tukuna.

Bana ba ya ganin ko ƙofar.
Yana zaune kan bencin da ya haɗa kafin a haife ni,
carbi a hannu, kunne a wajen zarto.
Jiya ina tsaga allo ya ɗaga yatsa:
tsaya, haƙori na tara ya kauce, ɗauko magagari.

Na ƙirga daga ƙota.
Na sha ɗaya ne.
Na danna shi da ƙusa, na wasa, na ja,
zarton ya koma numfashinsa.
Ya ce na nawa ne?
Na ce na tara, Baba.